Baba Ƙararrawa da Bencin Baya

Dauda da Hannatu, saboda ku na zauna nake wannan rubutu. Na ji abin da yaran makarantar Lahadi suka gaya muku, wai yayarku ta taɓa kashe tsoho da bakinta, na kuma ga yadda Hannatu ta dawo gida tana leƙen bakin nawa kamar za ta ga jini. Lokacin da abin ya faru kuna ƙanana, Dauda bai ma daina jiƙa tabarma ba, kuma kada ka yi musu, ni ke shanya ta. Tunda dole sai kun ji, gara ku ji daga wurina. Wannan karon ba zan ƙara gishiri ba. To, zan dai yi ƙoƙari.

Kun san halina. Mama takan ce ranar da aka haife ni, kafin ungozoma ta yanke cibiya na riga na ba ta labarin duk abin da na gani a ciki. In an aike ni shagon Madam Ngozi sayen sabulu, sai in dawo da sabulu ɗaya da labari uku. Idan akuya ta tsallaka titi, a bakina ta tsallake tirela biyu har ta ɗaga wa direba ƙafa. Ina iya muryar kowa, har ta Fasto a lokacin da yake neman ƙarshen wa'azi ya rasa inda ya ajiye shi. Mutane su yi ta dariya, ni kuwa dariyar mutane ita ce tuwona. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. Ƙarya a wurina ita ce ka cinye nama ka ce kyanwa ce. Nawa gyaran labari ne kawai.

Wanda ya raɗa mini suna Rediyo shi ne Baba Ishaya, wanda muke kira Baba Ƙararrawa. Ƙararrawar cocinmu a nan Azare ba ƙararrawa ba ce, tsohon ƙarfen tayar babbar mota ne aka rataye a bishiyar maina, amma in Baba ya buga shi sai ka rantse daga Turai aka kawo. Bugu biyu a hankali, ɗaya da ƙarfi, ya jira amon ya mutu, sannan ya sake. Tun kafin a haifi Mama yake wannan aiki. Yana da 'yar gona a wajen Chinade, yana zuwa a kan wani keke da ya girme ni, ya girmi Babanmu, wataƙila ma ya girmi hanyar. Kowa ya san a samartakarsa mashayi ne, domin shi da kansa yake faɗa duk sabuwar shekara in ya tashi ba da shaida: yadda burukutu ta cinye masa aiki da haƙora huɗu, da yadda Yesu ya tsamo shi. Aljihun rigarsa kuwa ba ya rabuwa da soyayyar gyaɗa. Duk Lahadi in ya hango ni sai ya sa hannu a ciki.

"Rediyo, yau wace tasha muka kama?"

"Tashar yunwa, Baba."

"To zo ki sa batir."

A shekarar da na shiga ajin baftisma abin ya faru, cikin bazara, irin ranar Azare da ko ƙadangare sai ya nemi izini kafin ya fito. An aike ni kai niƙa. A hanyar dawowa na hango Baba yana tura kekensa, yana tangaɗi, ya yi dama, ya yi hagu, sai ga shi a ƙasa, keken a kansa. Inda ya faɗi kuwa daidai bakin lungun nan ne da ake raɗe-raɗin ana sayar da abin sha a ɓoye. Malam Bukar mai faci, mutumin Yobe ɗin nan da rumfarsa ke wurin, shi ya ruga ya ɗaga shi, ya zaunar da shi a inuwa, ya ba shi ruwa. Ni me na yi? Na tsaya da bokitin niƙa a kai ina dariya. Ko sannu ban ce ba. Abin da ke raina kawai shi ne yau na samo labarin da zan kai wajen koyon waƙa a coci.

Da yamma kafin mai koyar da mu ya iso, na tashi a gaban 'yan mawaƙa na yi musu tafiyar Baba. Suka yi dariya, amma ba ta ishe ni ba. Sai na ce daga cikin lungun ya fito. Dariya ta ƙaru. Sai na sa masa kwalba a aljihu. Wata ta faɗo daga benci. Sai na sa shi yana rera waƙar coci yana yi wa kekensa wa'azi. Ranar har da masu hawaye. Na koma gida ina jin kaina kamar sarauniya. Kafin Lahadi ta zagayo labarin ya bar hannuna, ya shiga zumuntar mata, ya fita ya shiga kasuwa, ya dawo da kwalba biyu.

Babanmu, kun sani, yana cikin dattawan ikilisiya a lokacin. Ya kira ni tsakar gida, Mama tana tankaɗe a gefe.

"Rifkatu, zauna. Maganar nan da ke yawo a kan Baba Ishaya, an ce daga bakinki ta fito."

"Ni dai abin da na gani na faɗa."

"Kin ga kwalba da idonki?"

Ga ƙofa nan a buɗe, ku duba fa. Da na ce wasa nake yi, da iyakarta bulala biyar da wankin kwanoni. Amma sai na tuna fuskokin 'yan mawaƙa, na ga yadda gobe za a ce Rediyo ƙarya take yi, ba wanda zai ƙara matsowa in na buɗe baki.

"Na gani, Baba."

"Dube ni."

Na dube shi cikin ido. "Na gani."

Mama ta daina tankaɗe na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Aka kira mu ofishin Fasto, ni da Baba Ishaya, dattawa suna zaune. Na maimaita labarin, amma ba murya, ba tangaɗi, ba wanda ya yi dariya. Baba yana zaune da hularsa a gwiwa.

"Faɗuwa dai na faɗi," ya ce. "Kaina ne ya juya, ƙafa ta ƙi ni. Amma ban sha ba. Tun ranar da Ubangiji ya tsamo ni ko ɗanɗanawa ban ƙara ba."

"To kwalbar fa, Baba?" in ji Fasto.

Ya juyo ya dube ni. Ba harara, ba komai, kallo kawai, har sai da na ji kujerar tana cizo na.

"Wataƙila rana ce ta nuna mata wani abu. Ranar an yi zafi."

Sai wani dattijo ya tuna cewa a sujadar Lahadin da ta wuce a coci, da aka ce Baba ya yi addu'a, harshensa ya yi ta harɗewa kamar na mai maye. Wani ya ce shi ma ya lura. Daga nan Babanmu ya yi maganar da har gobe ban manta da ita ba.

"'Yata tana da surutu, na sani. Amma ba ta taɓa duban idona ta yi mini ƙarya ba."

Ranar Lahadi aka yi sanarwa an sa Baba Ishaya a horo. Ku da kuka taso kuna ganin bencin baya ba kowa a kai, bari in gaya muku yadda abin yake. Wanda aka sa a horo zai zo sujada, amma a bencin nan na bakin ƙofa zai zauna, inda rana ke shigowa. Ba zai yi addu'a a gaban jama'a ba, ba zai riƙe wani aiki ba, kuma ranar Jibin Ubangiji, da ake zagayawa da gurasa da ƙoƙon inabi, farantin zai wuce shi. Hanyar fita ɗaya ce: ya tashi a gaban ikilisiya ya ce na yi zunubi kaza, na tuba. Sai a yi masa addu'a, a tafa, ya koma wurinsa. Na sha ganin an yi haka, wata biyu, wata uku, magana ta wuce. Da wannan na lallashi kaina. Na ce ai Baba zai tashi ya faɗi kalma biyu, shi ke nan.

Bai tashi ba. Ina wanke-wanke na ji Babanmu yana gaya wa Mama cewa Fasto ya je har gida ya roƙe shi, ya ce Baba ka ce ka yi kuskure kawai, mu rufe maganar. Shi kuwa ya ce, "Fasto, in yi ƙarya a gaban Allah don in ci a teburinsa?" A nan na gane ramin da na haƙa. Baba ba zai iya tuba daga abin da bai yi ba. Mabuɗin bencin nan ba a hannunsa yake ba, a bakina yake.

Aka ba wani saurayi ƙararrawa, yana dukanta kamar ta ci masa bashi. Baba kuwa shi ne farkon zuwa duk Lahadi, ya share bencin baya da hularsa ya zauna. Matarsa Mama Laraba tana can gaba cikin mata, wuyanta a miƙe, ba ta kallon kowa. Daga wurin mawaƙa ina ganin komai. Ranar Jibi, in mai faranti ya zo layin ƙarshe sai ya sunkuyar da kai ya juya, Baba kuma ya haɗa hannuwansa a cinya ya rufe ido. Abin da ya fi kashe ni shi ne bayan an tashi. Ina neman hanyar zillewa, sai in ji muryarsa.

"Rediyo, kwana biyu tasha ba ta kamawa. Zo ki sa batir."

In karɓa, in ce na gode, in zagaya bayan coci in zuba wa kaji.

Kada ku ce ban yi addu'a ba. Na yi, irin ta ciniki. Na ce wa Allah zan share coci har Kirsimeti. Na yi azumi, ko da yake da azahar na karya shi da ɗanwake. Na daina kwaikwayon Fasto. Na ce, Ubangiji, ai kai ka san gaskiya, na faɗa maka, to ba shi ke nan ba? Duk abin da na miƙa sai in ji kamar an turo mini shi baya. A ajin baftisma ana koya mana cewa shiga ruwa alama ce ta binne tsohon hali, ni kuwa ina zaune a layin gaba ina amsa tambayoyi daidai, har ana cewa a yi koyi da Rifkatu.

Da damina ta yi nisa, Baba ya faɗi a gonarsa. 'Yan acaɓan Chinade suka kawo shi asibiti a tsakiyarsu. Aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Likita ya ce wa Mama Laraba ai ciwon ya daɗe yana sallama, jiri da faɗuwa da harɗewar harshe duk shi ne. Mutanen coci suka fara kallon ƙasa in an ambaci sunansa, amma ba wanda ya ɗaga horon, domin har yanzu akwai kwalba, kuma akwai wadda ta gan ta.

A makon na bi ta rumfar Malam Bukar, ya kira ni.

"'Yan mata, ba ke ce ta wajen su Baba mai keke ba? Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Malam."

"Allah ya ba shi lafiya. Ai tun ranar da ya faɗi a nan na ce masa Baba je asibiti, wannan ba gajiya ba ce. Ke ma kina nan ai, da bokitinki. Mutumin kirki. Shekara nawa yana wucewa ta nan, ko goro ban taɓa ganin ya ci ba."

Bai san komai ba, bawan Allah. Ya koma kan tayarsa. Ni kuwa na tsaya a titi, na ji abin da na daɗe ina kira gyaran labari ya tashi tsaye ya faɗi sunansa na gaskiya. Shaidar zur. Na ga tsoho ya faɗi ban ɗaga shi ba, na sayar da shi don dariyar yamma ɗaya, na dubi idon ubana na yi ƙarya, na mai da shi abokin laifina bai sani ba. Ba Rediyo ce ta yi ba, ba bakina ba ne ya kuɓuce. Ni ce.

Da aka sallamo shi, Mama ta dama kunu ta ce in ɗauko mu je dubiya. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, bakinsa ya karkace, ya rame har na ga kamar rabinsa aka dawo da shi. Da ya gan ni idonsa ya yi haske. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna rigarsa da ke rataye a ƙusa, yana wani sauti. Mama Laraba ta gane.

"Kai Maigida, kana wannan hali ma sai ka ba ta gyaɗa?"

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, babu kwalba. Ban ga komai ba. Faɗuwarka kawai na gani, sauran duk ni na ƙirƙira."

Mama ta dafe bango. Mama Laraba ta miƙe a hankali.

"Ke kika ƙirƙira. Ina zaune a gaba ana nuna ni da baki, mijina yana gasuwa a bakin ƙofa, ke kina sama kina rera waƙa. Tashi ki fita mini daga ɗaki. Fita!"

Na tashi. Na kai bakin ƙofa sai na ji ƙara a bayana. Baba ne ya ɗauki cokali da hannun hagu yana buga kwanon kunu. Biyu a hankali, ɗaya da ƙarfi. Ya jira, ya sake. Duk wanda ya taso a cocinmu ya san ma'anar wannan bugu: ku shigo. Na koma na durƙusa. Ya ɗora hannun a kaina, yana da nauyi, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya mutu. Ya so ya yi magana, ba ta fito ba. Har yau ban san me ya so ya ce ba.

A gida Babanmu bai dake ni ba. Wallahi da ya dake ni da na ji sauƙi. Ya zauna a kan turmi, na matso kusa da shi.

"Baba, in je in gaya wa Fasto da dattawa a ofis?"

"A ofis aka karanta sunansa?"

"A'a."

"To inda kika zubar, nan za ki kwashe."

Ranar Lahadi bayan sanarwa Fasto ya ce Rifkatu tana da magana. Ina tashi, tun kafin in kai gaba, aka fara dariya. Sun ɗauka wani wasa na shirya. Wani yaro ya ce, "Rediyo, kunna!" Na tsaya ina kallon fuskokin nan suna jiran in ba su abin da na saba ba su, na ji tsoron ko gaskiyar ma ba za su karɓa daga bakina ba. Na ce a raina, Yesu, ka riƙe mini harshen nan sau ɗaya. Sai na faɗa, a fili, ba ado. Na ce na yi wa Baba Ishaya shaidar zur, bai sha komai ba, ciwo ne ya kayar da shi, na yi zunubi ga Allah da shi da matarsa da ubana da ku duka. Dariyar ta mutu layi-layi, daga gaba zuwa baya. Sai Babanmu ya tashi daga cikin dattawa ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce shi ma yana da laifi, ya fifita maganar 'yarsa a kan ta dattijon da bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma daga ranar ya ajiye kujerarsa ta dattijon ikilisiya. Shi ya sa kuke ganin yana zama a tsakiyar jama'a. Fasto ma ya ce sun yi gaggawa, da sun kai Baba asibiti maimakon ofis. Aka ɗaga horon Baba. Aka sa ni a nawa, aka ɗage baftismata.

Da la'asar Fasto da dattawa suka kai masa Jibin Ubangiji har gida. Ni a waje na tsaya, jikin taga. Bai iya tauna gurasar ba, sai da Mama Laraba ta jiƙa masa a cikin ƙoƙon ta sa masa a baki kamar jariri. Ya haɗiye da ƙyar, ya rufe ido. Wannan ne na farko tun bazara, shi ne kuma na ƙarshe. Kafin a yanke gero ya rasu.

Ba ni na sa masa hawan jini ba, wannan ku gaya wa yaran makarantar Lahadi. Amma watannin da ya kamata a ce ana kai shi asibiti, an ɓata su ana jiran ya tuba, kuma ni na jawo. Na gaskata Yesu ya gafarta mini, ba don na share coci ba, sai don wannan irin kayan ne ya ɗauka a kan gicciye. Da aka yi mini baftisma a shekarar da ta biyo, na fito daga ruwa ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Amma gafara ba ta mayar wa Baba ko Lahadi ɗaya ba. Har yanzu ina ba da labari, kun sani, har yanzu akuyata tana tsallake tirela. Sai dai in labarin yana da sunan mutum a ciki, nakan ji cokali yana buga kwano.

Saura abu ɗaya. Bayan an yi jana'iza, ina nan a bencin baya, rana tana dukan ƙeyata, sai na ga Mama Laraba ta shigo cikin baƙaƙen kaya. Tun ranar da ta kore ni ba ta ƙara yi mini magana ba. Maimakon ta wuce gaba, sai ta zauna a bencin, can ɗaya ƙarshen. Ba ta dube ni ba har aka gama wa'azi. Da aka tashi addu'ar rufewa ta matso, ta ajiye wani ɗan ƙulli a cinyata.

"Na zo wanke rigarsa na tarar da wannan a aljihu. Na san ko na wane ne. Ba ni na ba ki ba, shi ne."

Ta tashi ta fita. Na kwance ƙullin. Gyaɗar ta daɗe, ta yi laushi, ta fara ɗaci. Kajin bayan coci suna nan suna jira kamar kullum. Na zauna a bencin har kowa ya watse, na cinye ta duka, ɗaya bayan ɗaya.